Cizon da Aka Ɗaure da Tsumma

A ƙauyenmu, can bayan Ɗanzomo inda mota ke sakin kwalta ta kama yashi, babu macen da ake yabo wajen kunya kamar Saudat matar Haladu. Dangar kara ce kawai tsakanin gidana da nasu, ko tari aka yi a can sai na ji. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, ita Saudat ɗin ce ta faɗa mini da bakinta daga baya, muna tsinkar zoɓo.

Ku na yanzu ba lallai ku san yadda muke yi da ɗan fari ba, to bari in faɗa muku. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ta rugawa ta ɗaga shi. Uban ma haka. Da an yaye shi sai kaka ta ɗauke. Haka aka yi da Hidaya, 'yar farin Saudat. Ranar da aka cire ta daga nono Inna Kande, uwar Haladu, ta goya ta ta wuce da ita ɗakinta, a cikin gida ɗaya, taku goma tsakani. Daga ranar in Saudat za ta yi maganarta sai ta ce "'yar Inna".

Kada ku ɗauka Kande muguwa ce. Wallahi tana son yarinyar nan fiye da ranta. In aka yi yanka, hantar ta Hidaya ce. "Ƙawata" take ce mata, su zauna kan tabarma ɗaya suna faɗa a kan ƙanzo kamar sa'o'in juna.

Abin ya faru da kaka, an gama yankan gero, Hidaya tana da shekara uku da 'yan watanni, Saudat kuma tana da cikin wata huɗu. Ran nan da hantsi Kande ta tafi barka a unguwar gabas, ta bar yarinyar tana wasa da gwangwanaye a bakin zaure. Saudat na surfe. Sai ga karen Ɗantsoho ya shigo. Ɗantsoho ƙanen Kande ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai shanu, karen kuma shi ke gadin garken. Kare ne da bai taɓa shiga gidan kowa ba. Ya shigo yana tangaɗi, yawu na zuba, bai yi haushi ba, ya cafki hannun yarinyar ya saki, ya juya ya fita.

Da yake babu kowa a gidan, Saudat ta jefar da taɓarya ta ruga ta sunkuce ta. Ta tuna a wurin awon ciki an taɓa ce musu in kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a garzaya asibiti a yi allura tun ciwo bai shiga jiki ba. Ta jawo buta, ta ɗauko sabulu. Ko kumfa bai tashi ba ta ji sallamar Kande daga zaure. Sai ta dire yarinyar, ta tura sabulun ƙarƙashin turmi da ƙafa, ta ɗauki taɓaryarta.

"Me ya sami ƙawata take tsala ihu haka?" in ji Kande.

"Inna, karen gidan Kawu ne ya shigo."

"Ya shigo ya yi me?"

"Ya taɓa ta a hannu."

Kande ta kama hannun ta duba. Huda biyu ne ƙanana a gindin babban yatsa, jinin ma bai kai a ce jini ba.

"Wannan ne? Ni na ɗauka hannun ya cire. Ke ƙawata, raguwa kawai, kin tara mana jama'a."

Ta debo toka ta kwaɓa da man shanu ta shafa, ta yago bakin wani tsohon zane ta ɗaure. Saudat na tsaye, kanta a ƙasa.

"Inna, a wurin awo sun ce in kare..."

"Sun ce me?"

"Sun ce a kai asibiti."

Kande ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana kallonta. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Ikon Allah. Ashe ido na kanta. Bakwai na raina, 'yar nan, har da wanda kike aure. In kina son abarki ki faɗa, yanzu in miƙo miki."

Saudat ta ce da ni ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa ta ce, "A yi haƙuri, Inna." Ta koma kan turmi.

Washegari Alhamis, kasuwar Maigatari, inda Haladu ke dillancin awaki. Yana goge babur ta kawo masa koko, ta tsuguna gefe.

"Malam, 'yar Inna fa kare ya cije ta jiya."

"Na ji. Me Inna ta ce?"

"Ta ce ba komai."

"To."

"Karen ne ban yarda da shi ba. Yawu yake zubarwa."

Haladu ya ajiye kofin. Ya waiga wajen ɗakin uwarsa, ya rage murya.

"Yanzu so kike in je in tsaya gaban Inna in ce ta ba ni 'yata in kai asibiti? Da wane bakin? Ke kin iya?"

Ta ɗauki kofin ta koma madafa. Da yamma ya dawo da alewa da wani ɗan takalmin roba ja, ya miƙa wa uwarsa ya ce, "Ga shi, ko akwai mai so." Iyakar abin da ya iya ke nan.

Ranar Litinin ce ranar awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, kwana biyar ke nan da cizon. Kande ta raka Saudat, Hidaya na goye a bayanta. Ni ma ina wurin, na rako matar jikana. Malama Zakiyya ce kaɗai a bakin aiki, 'yar Gumel, mace mai fara'a, ga mata sun fi sittin sun cika baranda har ƙarƙashin dalbejiya. Tana bi tana karɓar kati sai idonta ya faɗa kan tsumman.

"Baba, me ya sami hannun 'yan matan?"

"Ƙaya ce," in ji Kande.

Na san dalilinta. In ta ce karen Ɗantsoho a gaban matan ƙauye uku, kafin la'asar samari sun bi karen da sanduna, ƙaninta ya rasa mai gadin shanu, a ce kuma daga bakin yayarsa maganar ta fito.

"Ƙaya har da ɗauri? Wace ce uwarta a nan?"

Sai baranda ta ɗauki dariya. Saudat ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata ta ce, "Malama za ki sa ta nutse." Kande ta ce, "Ni ce uwarta, ni ce ubanta. Waccan ko sunanta ba ta sani ba." Ni kuma, Allah Ya yafe mini, har da tafa hannu na ce, "Haba Malama, ai ba a wannan tambayar." Ni na faɗa, da bakin nan nawa.

Malama Zakiyya ta yi murmushi. "Au, ta fari ce? Yi haƙuri, ƙanwata, na yi ɓaranɓarama." Ta wuce ta gaba.

Saura dama ɗaya, lokacin da aka kira Saudat ciki. Ɗakin awon labule ne kawai ya raba shi da baranda, labulen ma bai kai ƙasa ba. Tana kwance a kan gadon tana hango ƙafafun Kande da ɗan jan takalmin Hidaya yana lilo. Duk da haka ta daure, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, in kare ya..."

"Yi shiru tukuna, ina sauraron ɗan," in ji Malama Zakiyya, kunnenta a kan ƙahon da ta kafa a cikin. Ta saurara, ta ɗago. "Lafiya lau yake. Ki riƙa shan maganin ƙarin jinin nan, kin ji? Kin yi fari da yawa. Ta gaba."

Kafin Saudat ta ɗaura zane wata ta riga ta ɗaga labule ta shigo.

Karen dai bai ƙara kwana uku ba. Ya ciji wani maraƙi a garken Ɗantsoho, ya shiga daji, aka tsinci gawarsa a gindin wata aduwa. Hannun Hidaya kuwa ya warke sarai, sai ɗan tabo. Kande ta kwance tsumman ta ɗaga hannun sama, ta yi magana yadda za a ji har madafa.

"Ƙawata, nuna musu. Ina masu asibiti? Toka da man shanu, tun kakanninmu."

Saudat ta ce ranar har daɗi ta ji da aka yi mata gorin. Ta ce a ranta, Allah Ya sa ni ce mai wauta. Amma ba ta daina ƙirga kwanaki ba, kuma kullum in Hidaya ta zo wucewa ta bakin madafa sai ta miƙa mata ruwa a moɗa, ta tsaya tana kallon yadda take haɗiya, don ta taɓa jin an ce ciwon da ƙin ruwa yake farawa.

Bayan wata guda maraƙin ya fara wani irin kuka da ba na shanu ba, dare da rana, yana tunkuyar turke, yawu har ƙasa. Makiyayi ba ya bukatar a faɗa masa mene ne wannan. Ranar da maraƙin ya mutu, Ɗantsoho ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne, bai bari an taɓa naman ba. Da la'asar ya zo gidan yayarsa, suka shige ɗaki suka yi ƙus-ƙus. Da ya fita Kande ta aika aka karɓo rubutu a wurin malam, galan guda, ta fara ba Hidaya safe da yamma. Ba ta ce wa Saudat komai ba, ba ta ce wa Haladu komai ba. Daga baya likitan babban asibitin Gumel ya ce ko a ranar aka kawo ta, da an yi mata allurar, da wataƙila an dace. Gumel ɗin nan fa ba Makka ba ce. Mai babur in ya tashi bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi ya dawo.

Kwana shida bayan haka Hidaya ta tashi da zazzaɓi, tana sosa tabon tana cewa tururuwa na tafiya a ciki. Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa. Kwana biyu tana kwance, Saudat na kaiwa da komowa a tsakar gida, ta share inda ta riga ta share, don dai ta gitta ta ƙofar ɗakin.

A rana ta uku da safe ina shanya a bayan danga na ji ƙarar da ban taɓa jin yaro ya yi irinta ba. Na leƙa. Kande ta fito da yarinyar bakin ƙofa, ta ɗora ta a cinya, ta kawo kofin rubutu. Ƙishirwa take ji, kana gani ka sani, leɓenta duk ya bushe, ta miƙo hannu da kanta. Amma da ruwan ya matso kusa sai wuyanta ya shaƙe, idanu suka firfito, ta bankare tana ture kofin. Kande ta ce, "Sha mana, ƙawata, don Allah sha." Ta sa babban yatsa za ta buɗe mata baki. Yarinyar ta datse yatsan har jini ya fito.

Saudat na bakin murhu. Na ga ta ajiye muciya. Ta taho, ba gudu ba, ba ta durƙusa ba, ba ta ce a yi haƙuri ba. Ta sunkuya ta ɗauke yarinyar daga cinyar Kande, ta juya ta a baya, ta warware mayafinta ta ɗaure a saman cikin da ya riga ya fito.

"Ina za ki da ita?" in ji Kande.

"Gumel."

"Da izinin wa?"

Ba ta juyo ba. Ta fita ta zaure kanta babu mayafi, ta ratsa ta gaban dattawan da ke zaune a gindin durumi, 'yar farinta a bayanta, kowa na kallo. Wani ya ce, "Wannan ba matar Haladu ba ce? Lafiya kuwa?" Haladu yana cikinsu. Ya daɗe a zaune, sannan ya tashi ya ɗauko babur, ya cim mata a bakin gonaki. Ni kuma na bi su a motar kasuwa da rana, da tuwo a kwano, wanda babu wanda ya ci.

A asibitin likita saurayi ne, bai fi sa'an Haladu ba. Ya dubi yarinyar, ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya ga abin da ta yi, ya ce a fita da ruwan. Ya kashe fanka, don ko iska ta taɓa ta sai ta firgita.

"Wani abu ya cije ta?"

"Kare," in ji Saudat.

"Yaushe?"

"Yau kwana arba'in da huɗu."

Ya ɗago ya dube ta. "Kin ƙirga."

"Na ƙirga."

"Kin san ana yin allura?"

"Na sani."

"To me ya hana ku zuwa? Nisa ne? Ko an hana ki?"

Haladu na jingine da bango yana kallon ƙasa. Saudat ta ce, "Ta fari ce."

Likitan ya ajiye biro. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce musu gaskiya, bai ɓoye ba: ciwon haukan kare in ya kai ga ƙin ruwa, babu asibitin da ke da maganinsa, ko Kano ko gaba da Kano. Abin da za su iya shi ne su ba ta abin da zai kwantar da ita kada ta wahala. Sannan ya tambaya ko ta ciji wani, ko yawunta ya shiga ciwon wani.

Haladu ya ɗago a karon farko. "Ta ciji Inna a yatsa. Ɗazu da safe."

"A kawo ta yau. A wanke yatsan da sabulu sosai, a kawo ta yau ɗin nan."

To, ku ji. Ko zama Haladu bai yi ba. Ya hau babur ya koma ƙauye, ya ɗauko uwarsa, kafin la'asar sun iso. Aka duba aka ce allurar ta ƙare a asibitin. Ya shiga gari kanti kanti, bai samu ba, wani ya ce akwai mai ita a Maigatari, ya kama hanya, ya dawo da ita a cikin kula da ƙanƙara kafin magariba. A yini ɗaya ya yi duk wannan. Babu wanda ya ce masa da wane bakin.

Hidaya ta yi kwana biyu a wani ɗaki da aka rufe tagoginsa. Saudat ce a wurinta, an ba ta safar hannu ta roba, ta cikinta take shafa mata kai. Rana ta uku da hantsi Allah Ya karɓi abarsa.

Wurin zaman makoki mata suka cika gidan. Kande ce ke kuka, kuka na gaske, har tana shiɗewa, ita ake yi wa gaisuwa, ita ake riƙewa. Saudat na madafa tana dafa wa baƙi abinci. Na ji wata tsohuwa daga Gagarawa tana cewa, "Kun ga 'yar mutunci, ko ɗigon hawaye." Wata ta ce, "Ai ban da fitar nan da ta yi ba mayafi, da babu kamarta." Aka ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma na kasa haɗa ido da yarinyar nan, na ajiye gudummawata na zame na koma gida.

Allurar Kande sau huɗu ce, a ranaku daban-daban. Ba a tsallake ko ɗaya ba. Ranar ta ƙarshe ta faɗo Alhamis, Haladu zai wuce kasuwa, sai ya sauke su a Gumel ya ce Saudat ta tsaya da Inna, ta riƙe mata jaka, in an gama su hau mota. Haka aka yi. Suka zauna a benci ɗaya har aka kira su.

Ma'aikaciyar da ke allurar ba ta san su ba, sabuwa ce a ɗakin. Ta duba kati ta ce, "Baba, kin yi sa'a, 'ya'yanki na ji da ke. Da yawa sai abu ya lalace suke kawo mana mutum." Kande ta zauna a kan kujera. Ta miƙa wa Saudat mayafinta, ta naɗe hannun riga, ta kau da kai. Aka soka, aka zare, aka danna auduga.

Kande ta dubi wurin. Ta yi maganar a hankali, kamar da kanta take.

"Ashe ma ba ta da wani zafi."

Saudat ta ɗora mayafin da jakar a kan benci, ta fita. Ta samu matakalar baranda ta zauna, ta tallafe cikinta da hannu biyu, tana kallon masu keke suna sauke marasa lafiya a bakin ƙofa. Kande ta fito tana laluben takalmi.

"'Yar nan, zo ki kama ni, jiri nake ji."

Saudat ta ci gaba da kallon masu keke.

"'Yar nan."

Mutanen da ke baranda suka fara juyowa. Wata mata ta taɓa kafaɗar Saudat ta ce, "Baiwar Allah, ba da ke tsohuwar nan take ba?"

Saudat ta ce, "Da ni take."

Ta ƙara ɗan zama. Sannan ta dafa gini ta miƙe, ta je ta kama hannun da ba a yi wa allura ba, suka gangara a hankali zuwa tasha.